Kwamfutar da Ke Faɗuwa Wajen Shiga Dogon Barci: Yadda Ake Gano Mai Laifi

Ka gama aiki, ka bar takardunka a buɗe, ka danna Hibernate, allo ya yi duhu, ka rufe murfin laftof ɗin. Da ka dawo ka kunna, sai ka tarar Windows ta tashi sabuwa fil, babu ko ɗaya daga cikin abin da ka bari. Wani lokacin allon ne kaɗai ke mutuwa, fitila tana kunne, fanka tana ta juyawa, har kwamfutar ta ɗauki zafi a cikin jaka. Wani lokacin kuma shuɗin allo ne ke leƙowa ya ɓace tun ba ka karanta abin da ke kansa ba. Duk alamun ciwo ɗaya ne, kuma wannan jagora ta shafi Windows 10 da Windows 11.

Abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun nan yana da sauƙin fahimta. A gajeren barci, wanda maɓallinsa ke ɗauke da sunan Sleep, aikinka yana nan a cikin RAM, ana ci gaba da ba ta 'yar wuta don kada ta manta. A dogon barci kuwa, wato Hibernate, Windows tana kwashe abin da ke cikin RAM ta matse shi, ta rubuta shi a wani ɓoyayyen fayil mai suna hiberfil.sys da ke kan faifan C, sannan ta yanke wuta gaba ɗaya. Kafin ta kai ga haka sai ta aika wa kowane direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa wata na'ura, saƙo, daga na katin hoto zuwa na Wi-Fi, na Bluetooth, na sauti da na faifan ajiya, cewa ya adana halin da na'urarsa take ciki ya sauke ta. Direba ɗaya tak ya ƙi amsawa, tafiyar ta tsaya. Saboda haka a mafi yawan lokuta dogon barcin ba shi ne mai laifi ba, shi ne dai yake tona asirin mai laifin, kuma aikinka shi ne ka sa kwamfutar ta faɗi sunansa kafin ka fara taɓa saiti.

Tun kafin komai, ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, domin gwajin da za a yi zai sa kwamfutar ta faɗi sau da yawa da gangan. Idan faifanka a kulle yake da BitLocker, ka nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 ka ajiye shi a inda za ka gan shi ko da kwamfutar ta ƙi tashi.

Mataki na farko: ka iya jawo matsalar da hannunka

Ka buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, wato ka danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta:

powercfg /a

Wannan zai nuna maka nau'o'in barcin da kwamfutarka ke iya yi da waɗanda ba ta iyawa, tare da dalili. Idan Hibernate yana cikin waɗanda ake da su, ka rubuta:

shutdown /h

Nan take za ta nufi dogon barci. Amfanin wannan umarni shi ne ya ba ka gwaji ɗaya tsayayye da za ka riƙa maimaitawa bayan kowane gyara, maimakon ka zauna jiran ranar da abin zai sake faruwa da kansa. Ka yi shi sau uku da caja a jone, sau uku kuma a kan batir, kana rubuta sakamakon a takarda. Ka lura da kyau ko fitilar wuta ta mutu gaba ɗaya. Idan ta mutu, fanka ta yi shiru, sai daga baya wajen kunnawa abin ya lalace, to matsalarka ta farkawa ce, kuma zargi ya fi karkata ga fayil ɗin da aka rubuta ko faifan da ke ɗauke da shi. Idan kuwa ba ta taɓa kaiwa ga mutuwa ba, direbobi ne a sahun gaba.

Daga nan ka cire duk abin da ke jone da ita: filash, firinta, maus da kibod na waje, allo na biyu, katin ajiya, da akwatin nan da ake jona na'urori da yawa ta cikinsa. Ka sake gwadawa. In ta kwanta lafiya, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama wanda ke jawo faɗuwar. Mutane da yawa suna tsallake wannan gwaji don sun raina shi, alhali bai wuce aikin minti goma ba.

Akwai wani yanayi da ya kamata a ware shi tun a nan. Idan shutdown /h yana aiki daram, amma aikinka yana ɓacewa ne kawai a lokacin da batir ya kusa ƙarewa, to da wuya a ce faɗuwa ce. An saita Windows ta shiga dogon barci idan batir ya sauka zuwa wani mataki, galibi kashi 5 cikin 100, kuma tsohon batir yakan mutu daga wannan matakin tun ba a gama rubuta hiberfil.sys ba. Ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton, ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In tazarar ta yi yawa, ka shiga Power Options, cikin saitin Battery, ka ɗaga Critical battery level zuwa kashi 10 ko fiye, kafin ka samu damar sauya batirin.

Mataki na biyu: ka bar ta ta ba da shaida

Windows takan sake tashi da kanta bayan faɗuwa, shi ya sa shuɗin allon ke wucewa kamar walƙiya. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, sannan Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery. Ka cire alamar da ke kan Automatically restart, ka tabbatar kuma an zaɓi Automatic memory dump ko Small memory dump. Rubuta wannan shaida ya dogara ne da fayil ɗin musaya na Windows, pagefile.sys, don haka idan ka taɓa kashe shi don neman fili, ka mayar da shi. Manhajojin share shara ma sukan goge waɗannan fayiloli, sai ka dakatar da su har a gama bincike.

Yanzu ga inda haƙuri yake da rana. Idan allo ya yi duhu amma fanka tana juyawa, hannu yakan kai ga maɓallin wuta da kansa. Ka janye shi. Windows tana ƙirga lokaci a kan direban da ya maƙale, kuma idan wa'adin ya cika ita da kanta za ta kayar da tsarin ta rubuta sunan wanda ya riƙe ta. Danne maɓallin yana katse wannan ƙirgen, ka tashi a tutar babu. Ka ajiye kwamfutar a kan tebur inda iska ke ratsa ta, ka ba ta kamar minti goma zuwa sha biyar.

Bayan ta tashi, ka buɗe Event Viewer da umarnin eventvwr.msc, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi lokacin da ka yi gwajin. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 42, wanda ke nuna cewa tsarin ya fara shiga barci, sai kuma Kernel-Power mai lamba 41 da jar alamarsa mai tayar da hankali. Lamba 41 ba ta faɗin dalili, abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Amfaninta yana cikin shafin Details, a layin BugcheckCode. Lambar da ke wurin an rubuta ta ne da ƙidayar yau da kullum, don haka 159 ita ce 0x9F a salon da Windows ke rubuta lambobin kuskure, 160 kuma ita ce 0xA0. Idan sifili ne, babu wata faɗuwa da aka rubuta, wato ko dai wuta ce ta yanke, ko tsarin ya sandare ƙam, ko kai ne ka danne maɓalli. Idan akwai shigarwa mai lamba 1001 a kusa, a cikinta za ka ga cikakkiyar lambar kuskuren da adadi huɗu da ke biye da ita.

Lambobi biyun nan su ne suka fi yawa a wannan matsala. 0x9F ita ce DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, kuma idan adadin farko da ke biye da ita 3 ne, ma'anarsa wata na'ura ta riƙe saƙon sauya wuta fiye da ƙima. 0xA0 ita ce INTERNAL_POWER_ERROR, kuma idan adadinta na farko 0xB ne, fayil ɗin dogon barci ya yi ƙanƙanta. In ka ga KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR, hankalinka ya koma kan faifai. In MEMORY_MANAGEMENT ne, kan RAM. In kuwa WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ne, kayan cikin kwamfutar ne da kansu suke kai ƙara.

Mataki na uku: sabunta hiberfil.sys

Wannan gyara ne mai sauƙi da ba ya ɓata komai, shi ya sa nake yin sa kafin in shiga dogon bincike. Ka rubuta powercfg /h off, wanda zai goge fayil ɗin, ka sake tayar da kwamfutar ta hanyar Restart, sannan ka rubuta waɗannan biyun:

powercfg /h on
powercfg /h /type full

Cikakken fayil yana ɗaukar kashi 40 cikin 100 na girman RAM, wato wajen gigabait 6.4 a kwamfuta mai gigabait 16. Akwai kuma ragagge mai kashi 20, wanda ba ya isa dogon barci, tashin gaggawa, wato Fast Startup, kawai yake yi wa hidima. Kashi 40 yakan wadatar saboda ana matse bayanan, amma mai buɗe manyan manhajoji har RAM ta cika maƙil zai iya wuce shi. Idan ka ga 0xA0 tare da 0xB, ko kuma ka lura faɗuwar ba ta zuwa sai ka buɗe abubuwa da yawa, ka rubuta powercfg /h /size 100 don fayil ɗin ya kai girman RAM ɗin duka. Ka tabbatar akwai isasshen fili a faifan C kafin ka yi hakan.

Mataki na huɗu: karanta fayil ɗin faɗuwa

A nan ne ainihin aikin yake. Ƙananan fayilolin faɗuwa suna cikin C:\Windows\Minidump, babban kuma shi ne C:\Windows\MEMORY.DMP. Ka sauke WinDbg, manhajar karanta waɗannan fayiloli, daga Microsoft Store, ka kwafi fayil na baya-bayan nan zuwa Desktop don kauce wa matsalar izini, ka buɗe shi ta Open dump file, ka jira ta sauke abin da take buƙata daga intanet, sannan ka rubuta:

!analyze -v

Rubutu mai yawa zai zubo, kada ya firgita ka. Layuka uku kake nema: IMAGE_NAME, MODULE_NAME da FAILURE_BUCKET_ID. Idan ka ga nvlddmkm.sys, direban hoto na NVIDIA ne, amdkmdag.sys ko atikmdag.sys na AMD ne, igdkmd64.sys na hoton Intel ne. Wanda ya fara da Netwtw na Wi-Fi ɗin Intel ne. Wanda ya fara da iaStor kuma na sarrafa faifai ne na Intel.

Sau da yawa kuwa sunan da zai fito shi ne ntoskrnl.exe, ko pci.sys, ko ACPI.sys, kuma a nan ne mutane ke ɓata hanya, su shiga intanet neman sabon ntoskrnl.exe. Kada ka yi haka. Wannan fayil shi ne zuciyar Windows, a hannunsa ne dai abin ya fashe, kamar ɗan aiken da aka kama da wasiƙar da ba shi ya rubuta ba. Idan kuskuren 0x9F ne mai adadin farko 3, adadi na huɗu, wanda aka rubuta wa Arg4, shi ne adireshin saƙon da ya maƙale. Ka rubuta !irp, ka bar fili, ka liƙa wannan adireshin. Jerin direbobin da saƙon ya bi ta hannunsu zai fito, kuma layin da ke da alamar > a gefensa shi ne inda saƙon yake tsaye. Sunan direban da ke ƙarƙashin wannan layi shi ne abin zarginka. Daga nan lmvm tare da sunan direban zai nuna maka ranar da aka gina shi, kuma ganin direban da ya girmi Windows ɗin da kake amfani da ita da shekaru yana da ma'ana.

Na taɓa kwana biyu ina zargin katin hoto a wata laftof, na cire direbansa na mayar har sau uku, saboda allon ne ke mutuwa a gabana. Da na haƙura na bar ta ta faɗi da kanta, na bi adireshin Arg4, sai ga alamar > a kan direban wata 'yar na'urar karanta katin ajiya da ban taɓa sa kati a cikinta ba. Na kashe ta a Device Manager, na rubuta shutdown /h, cikin 'yan daƙiƙu fitila ta mutu, fanka ta yi tsit.

Fayil ɗaya bai isa yanke hukunci ba. Ka duba biyu ko uku. Idan suna ɗaya ke dawowa, ka kama shi. Idan kowane fayil da sunan da yake kawowa, to da alama wani abu ne ke gurɓata RAM, sai ka tsallaka zuwa gwajin kayan ciki.

Mataki na biyar: hukunta direban

Kafin ka sauke komai, ka tabbatar da zargin. Ka buɗe Device Manager da umarnin devmgmt.msc, ka danna na'urar da maɓallin dama, ka zaɓi Disable device, ka gwada dogon barci. Wannan ya dace da Wi-Fi, Bluetooth, kyamara, sauti da mai karanta kati, amma kada ka kashe mai sarrafa faifan da Windows take kai. Idan faɗuwar ta tsaya, ka tambayi kanka yaushe matsalar ta fara. Umarnin perfmon /rel yana jera kwanaki tare da abin da aka girka da abin da ya faɗi a kowace rana. In ta fara ne bayan wata sabuntawa, ka shiga Properties na na'urar, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver. In maɓallin a dushe yake, ko direban tsoho ne, ka sauke wani daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta daidai. A laftof na fi son farawa da direban mai ƙera kwamfutar ko da akwai wanda ya fi shi sabunta a wani wuri, domin shi ne aka gwada da tsarin wutar wannan samfurin. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukan direbobi da danna ɗaya kuwa, ka nisance su, don suna iya sauya maka direba goma a lokaci guda su ɓatar da sawun da kake bi.

Idan sabon direba bai magance ba, ka rage wa na'urar tsimin wuta. A shafin Power Management, in tana da shi, ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A cikin Power Options kuma, in saitin ya bayyana a kwamfutarka, ka kashe USB selective suspend da Link State Power Management da ke ƙarƙashin PCI Express. Ka sauya ɗaya, ka gwada, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba.

Ba na'urori kaɗai ke da direbobi ba. Manhajojin kare kwamfuta daga cutuka, na VPN, na kwamfutar cikin kwamfuta, na sarrafa fitilu da fanka, da masu hana maguɗi a wasanni, duk suna dasa nasu a can ƙasa. Safe Mode ba ya taimakawa a nan domin ba ya ba da damar barci. Madadinsa shi ne msconfig: a shafin Services ka sa alama a Hide all Microsoft services, ka danna Disable all, ka kashe masu tashi tare da Windows a Task Manager, ka yi Restart, ka gwada. In ta gyaru, ka riƙa kunna rabi-rabi har da'irar ta matse kan guda. Wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji direbansu yana ci gaba da tashi ko an kashe hidimarsu, don haka wadda ka fi zargi sai an cire ta gaba ɗaya kafin a wanke ta daga zargi.

Faifai, RAM da BIOS

Idan har yanzu ba a kama kowa ba, ka gudanar da waɗannan a jere:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow
chkdsk C: /scan

Na farko yana gyara rumbun da na biyu ke ɗibar fayiloli daga cikinsa, shi ya sa yake gaba. In chkdsk ya ga ɓaraka, ka bi shi da chkdsk C: /f. Ka duba lafiyar faifan da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, ka ga kuma ko akwai sabuntawar da aka fitar masa, domin dogon barci rubutu ne na gigabait da yawa a tashi ɗaya, kuma faifan da ke ɗingishi a nan yake bayyana. Don RAM, mdsched.exe yana gwajin farko, amma MemTest86 da aka bari ya kwana yana zagayawa ya fi tona ɓoyayyen kuskure. Kuskure ko ɗaya ne, kuskure ne. Idan ka kunna XMP ko EXPO don ƙara wa RAM gudu, ko ka rage wa CPU, wato injin kwamfutar, wuta, ka mayar da komai yadda ya zo sannan ka gwada.

BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, shi ne ke gaya wa Windows yadda kowace na'ura ke sauka da tashi, saboda haka sabunta shi yakan warware 0x9F da 0xA0 da suka ƙi jin magani. Na bar shi a baya ne don shi ne mafi haɗari. Ka ɗauko fayil ɗin daga shafin mai ƙera kwamfutar kaɗai, ka jona caja, ka dakatar da BitLocker ta Suspend protection, kuma kada ka taɓa maɓallin wuta har ta gama, ko da allon ya daɗe a duhu. Bayan haka ka girka direbobin chipset na samfurin.

Idan kashewa ma tana jawo faɗuwar

Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce. Tsarin Fast Startup yana rufe manhajojinka, sannan ya rubuta zuciyar Windows da direbobi a cikin hiberfil.sys ɗin nan, wato wani ɗan guntun dogon barci ne. Shi ya sa wasu ke ganin kuskure iri ɗaya wajen kashewa amma ba sa ganinsa wajen Restart, kuma shi ya sa a duk gwajin da ke sama Restart nake cewa a yi. Don kashe shi, ka shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar Turn on fast startup. Mai Linux a gefen Windows ya fi kowa buƙatar wannan, kuma kada ya rubuta komai a faifan Windows daga ɗaya tsarin alhali tana cikin dogon barci, domin za ta farka da tsohon hoton faifan a ƙwaƙwalwarta, fayiloli su lalace.

In an bi duk wannan kuma direban da ke da laifi ba shi da gyararren da aka fitar, babu aibu a haƙura da dogon barcin. Ka rubuta powercfg /h off, wanda zai tafi da Fast Startup tare da shi ya kuma mayar maka da filin da fayil ɗin ya cinye. Sai ka koma Power Options ka duba Critical battery action da abin da rufe murfi ke yi, ka mayar da na farkon Shut down, domin kwamfutar ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya zo ƙarshe. Ka ajiye fayilolin Minidump biyu ko uku a wata folda tare da lambar samfurin kwamfutar da lambar BIOS ɗinta, waɗanda msinfo32 ke nunawa, don su ne abin da mai gyara ko sashen taimako na kamfanin zai fara tambayarka.